Yanayi da Lokutan Shekara a Ƙasar Tafashiya

Gabatarwa

Tafashiya gari ne na manoma a cikin Ƙaramar Hukumar Kankiya, a tsakiyar Jihar Katsina. Ita Kankiya tana bisa hanyar da ta tashi daga Kano zuwa Katsina, kimanin kilomita 60 kudu maso gabas da birnin Katsina, Kusada kuwa tana gabas da ita, wajen iyakar Jihar Kano. Duk wannan yanki ƙasa ɗaya ce ta fuskar yanayi, watau shimfiɗaɗɗiyar jigawa mai itatuwa jefi-jefi, irin su gawo da kuka da tsamiya da ɗorawa, da 'yan fadamu a bakin rafuka waɗanda ba su gudu sai da damina.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda shekara take juyawa a wannan yanki, da dalilan da suke sa ta juya haka, da kuma dabarun da mutanen wurin suka gada na zama da ita. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, ruwan wata huɗu ne yake ciyar da wata goma sha biyu, saboda haka lokacin da ruwan ya sauka da yadda ya rarrabu sun fi yawansa muhimmanci ga manomi. Kafin a shiga bayani ya kamata a bambance abu biyu da kalmar "yanayi" take ɗauka. Akwai halin da gari ya wayi da shi yau, ko zafi ko hazo ko hadari, wanda yakan sāke kafin gobe. Akwai kuma ɗabi'ar ƙasa wadda ba a gane ta sai an tara lissafin shekaru masu yawa, galibi talatin. Za a taɓo dukkansu biyu.

Iskoki Biyu

Tushen yanayin ƙasar Hausa duka shi ne ja-in-ja tsakanin iskoki biyu. Ta farko tana tasowa daga hamadar Sahara, tana busowa daga arewa maso gabas, busasshiya ce ƙayau, ba ta ɗauke da kome sai ƙura. Ta biyu tana tasowa daga tekun Atlantika, tana busowa daga kudu maso yamma, ɗauke da laima. Inda suka yi karo akwai wata iyaka wadda ido ba ya gani, wadda kuma ba ta zama wuri ɗaya. A watan Janairu tana can kusa da bakin teku, sa'an nan ta riƙa matsowa arewa tana bin rana, har a watan Agusta ta kai cikin Sahara, daga nan ta juyo. Duk ƙasar da take arewa da wannan iyaka rani take ciki. Ruwa mai ƙarfi kuwa ba ya sauka sai iyakar ta wuce wuri da nisa, domin sai a lokacin ne iskar teku take yin kaurin da za ta haɗa gizagizai masu nauyi.

To, Tafashiya tana da nisan fiye da kilomita 700 daga teku. Iskar laima takan makara kafin ta iso ta, kuma takan yi saurin barinta. Wannan ne ya sa ruwa yake raguwa in mutum ya nufi arewa a cikin jihar. Wajen Funtuwa akan sami milimita 1,000 ko fiye a shekara, birnin Katsina kuwa wajen milimita 600. Ƙasar Kankiya da Kusada tana tsakani, takan sami daga milimita 600 zuwa 800 a shekara madaidaiciya, watau inci 24 zuwa 32 a tsohon awo.

Akwai wani abu da yakan ɗaure wa ɗalibi kai a nan. In laima daga kudu maso yamma take zuwa, don me kowane Bahaushe yake duban gabas in yana neman hadari? Amsar ita ce, iskar teku a ƙasa-ƙasa take tafiya, can bisa kanta kuwa akwai wata iska mai ƙarfi da take tafiya daga gabas zuwa yamma. Zafin rana yakan ɗaga laimar sama ta zama gajimare, ita kuma iskar ta sama sai ta jera gizagizan ta koro su yamma. Shi ya sa hadari yake haɗowa daga gabas, yawanci da la'asar ko da dare, ya turo iska da ƙura a gabansa, sa'an nan ruwa ya biyo baya. Irin wannan hadari yakan shayar da wani ƙauye ya ƙetare na kusa da shi, har a ji an yi shuka a Kusada alhali Tafashiya ba ta ga ɗigo ba, ko kuwa akasin haka.

Lokutan Shekara

Bahaushe ya kasa shekara kashi huɗu: bazara, damina, kaka da rani. A cikin rani ne ake samun ɗari, wanda ake kira hunturu.

Bazara tana kamawa daga Maris zuwa Mayu, ita ce kuma lokacin da ya fi kowane zafi. A Afrilu ma'aunin zafi yakan kai digiri 40 da rana, wani lokaci ya haura. Dalili shi ne wajen ƙarshen Afrilu rana takan tsaya daidai bisa kan wannan yanki da tsakar rana, ga shi babu gajimare da zai tare ta, babu kuma danshi a ƙasa da zai sha zafinta. Abin lura, rana takan sāke tsayawa haka wajen 20 ga Agusta a kan hanyarta ta komawa kudu, amma a lokacin gari a lulluɓe yake da gizagizai, don haka ba a jin zafinta. Da bazara ne rijiyoyi suke ja da baya, dabbobi su rame, guguwa ta riƙa tashi a fili. Da ita ne kuma cutar sanƙarau ta fi yaɗuwa, kamar annobar 1996 wadda ta kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya, mafi yawansu a Arewa. Duk da haka manomi ba ya zaune, domin lokacin sassabe ne da kai taki gona. In bazara ta yi nisa sai iska ta juya, dare ya yi gumi, a fara ganin walƙiya can kudu, shamuwa ta dawo ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari. Waɗannan su ne alamun da tsofaffi suke duba.

Damina takan sauka tsakanin ƙarshen Mayu da ƙarshen Yuni, ta ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Farkonta ruwa ne na hadari, mai iska da tsawa, wanda yakan yaye rufin ɗaki ya kuma bar kwanaki a tsakani. Daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Agusta sai a shiga marka, lokacin da ruwa yake sauka a kai a kai, wani zubin a yini ana yayyafi ba a ga rana ba. Agusta shi ne watan da ya fi kowane ruwa. Shi ne kuma watan da ya fi tsanani ga talaka, gama hatsin bara ya ƙare a rumbu, na bana bai nuna ba, aiki ya yi yawa, katangun ƙasa suna zubewa, ga sauro da zazzaɓin cizonsa sun addabi yara. Ana kiran damina uwar albarka, amma albarkar ba ta shiga baki sai an fara gasa tumu.

Kaka ta fi sauran gajarta, daga Oktoba zuwa Nuwamba. Gero ya riga ya shiga rumbu tun Satumba, yanzu sai cirar gyaɗa da roron wake da yankan dawa. Da ɗaukewar ruwa zafi yakan ɗan komo na 'yan makonni, raɓa ta riƙa sauka da asuba, kuma da sauran danshin ƙasa ne dawa take ƙarasa cika ido. Kaka lokacin biyan bashi ne da bukukuwan aure da dambe da kokawa, domin a lokacin ne kowa yake da abin hannu.

Rani yana biye, farkonsa kuwa hunturu ne, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu. Iskar Sahara ce take mulki, laima ta ƙafe a sarari har leɓe da ƙafa su riƙa tsagewa. Da rana akwai ɗumi, amma da yake babu gajimaren da zai riƙe zafin ƙasa, da asuba ma'auni yakan sauka wajen digiri 12 ko 13. Hazon da yake rufe gari ƙura ce mai laushi, mafi yawanta daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin ƙasar Chadi, inda tsohon Tafkin Chadi ya taɓa malala ya bar busasshen laka. Iska takan kwaso ta ta yi tafiyar fiye da kilomita dubu da ita. Tana kawo tari da mura da ciwon ido, tana kuma ƙara haɗarin gobara, amma in ta kwanta a gona tana ƙara wa ƙasa ɗan ƙarfi. Sanyin nan shi ne yake ba da damar noman alkama da albasa da tumatir a fadama. Wanda ba shi da fadama ko sana'a kuwa, sai ya ɗauki hanyar cin rani zuwa Kano ko Kaduna ko Kurmi, ya komo in bazara ta yi.

Lissafin Taurari

Watannin Musulunci ba su yi wa manomi jagora, domin shekarar wata ta gaza ta rana da kwana 11, shi ya sa azumi yake zagayawa, wata shekara ya faɗo cikin ɗari, bayan wasu shekaru ya faɗo cikin bazara. Saboda haka malaman hisabi na ƙasar Hausa suka riƙe wani lissafi da ya zo cikin littattafan Larabci, wanda ya kasa shekarar rana zuwa taurari 28. Kowane tauraro yana da kwana 13, in ban da Jabha mai kwana 14, jimla 365 ke nan. Kowane lokaci na shekara yana da taurari bakwai. Na damina su ne Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan. Suna kamawa a cikin Mayu su ƙare a cikin Agusta, sa'an nan Sarfa ta buɗe kaka. A cikin taurarin bazara akwai Surayya, wadda Bahaushe yake kira Kaza da 'Ya'yanta.

Mai karatu zai lura cewa a wannan lissafi kaka tana shiga tun ruwa bai ɗauke ba. Ba kuskure ba ne in aka duba gona, domin a daidai lokacin ne gero yake nuna. Amfanin lissafin shi ne yana gaya wa manomi inda shekara ta kai. In ruwa ya sauka tun taurarin bazara ba su ƙare ba, dattijo zai ce a yi hattara, kila na yaudara ne. In kuwa an shiga tsakiyar taurarin damina ba a yi shuka ba, ya san kwanakin da suka rage ba za su ishi dawa mai nauyi ba. Lissafin ba ya cewa za a yi ruwa ranar kaza, iyakarsa ya auna saura kwana nawa.

Ruwan Shuka

Babu shawarar da ta fi ta ranar shuka nauyi a shekarar manomi. In ya yi sauri ya bi ruwan farko, sa'an nan aka sami tsaiko na mako biyu ko uku, tsiron zai ƙone a cikin yashi mai zafi, ya yi asarar iri da wahala. In ya yi jinkiri don ya tabbatar, ya rage wa amfaninsa kwanaki a ƙarshe, ruwa ya ɗauke dawa tana cikin fitar da kai. Manomi yakan tona ƙasa bayan ruwa ya ga zurfin da danshi ya kai kafin ya fitar da iri. Masanan aikin gona da suka yi nazarin wannan matsala a cibiyar ICRISAT ta Sadore, kusa da Yamai, sun sa ƙa'ida mai kama da haka: damina ta sauka in an sami milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ba a sami tsaikon da ya wuce kwana bakwai ba a cikin kwana 30 da suka biyo baya. Sai dai rabin wannan ƙa'ida ba a saninsa sai bayan an riga an yi shuka, wannan kuwa shi ne ainihin wuyar al'amarin.

Kusan duk dabarun noman gargajiya na wannan yanki amsa ce ga wannan rashin tabbas. Wasu sukan yi binne, watau su shuka gero a busasshiyar ƙasa don ya tsira da ruwan farko, in ya kama sun riga kowa, in ya ƙone ba su yi asarar iri mai yawa ba, tun da ƙwayar gero ƙanana ce. Akan haɗa gero da dawa da wake a gona guda. Gero yana nuna cikin wata uku ko ƙasa da haka, yana kuma jure yashi da ƙishi, shi ne mai fid da gida daga yunwar marka. Dawa, ko kaura ko farafara, tana son damina mai tsawo. Wake kuwa ana sa shi daga baya, yana ba da abinci da harawa. In damina ta gajarta gero ya tsira, in ta yi tsawo dawa ta biya. Haka nan magidanci yakan so ya sami gona a jigawa da wata a kwari, don in ruwa ya yi ƙaranci ta kwari ta yi, in ya yi yawa ta tudu ta yi. Barin gawo a gona ma yana cikin wannan hikima, gama shi yakan zubar da ganye da damina, bai tare wa shuka rana ba, ya kuma yi ganye da rani lokacin da dabbobi suke neman inuwa da abinci, su bar taki a gindinsa. In kuwa dabara ta ƙare, ruwa ya tsaya shuka tana yaushi, sai liman ya ja jama'a a fita bayan gari roƙon ruwa.

Shekarun da Damina ta Saɓa

Tarihin ƙasar Katsina cike yake da shekarun da aka sa wa suna saboda wuyarsu. Ruwa ya gaza a 1913, yunwar da ta biyo baya a 1914 ita ce Kakalaba, wadda ta halaka mutane masu yawa a Kano da Katsina da ƙasashen da suke arewa da su. An kuma yi 'Yar Buhu a 1927. Wani Bature mai suna Michael Watts, wanda ya zauna a Kaita yana bincike, ya tattara labarin waɗannan yunwoyi a littafinsa na 1983, inda ya nuna cewa haraji da tsadar hatsi sun taimaka wa fari wajen jefa talakawa cikin wahala. Yunwar da ta fi ba da darasi ga wannan maƙala ita ce Muda ta 1953 zuwa 1954, domin ita yawan ruwa ne ya kawo ta. Ruwa ya yi ta zuba har gonaki suka jiƙe sharkaf, gero ya lalace. Wanda ya dubi jimlar ruwan shekarar kaɗai zai ce an yi damina mai albarka.

Shekarun 1950 da farkon na 1960 masu ruwa ne a duk faɗin Sahel. Daga ƙarshen shekarun 1960 sai al'amari ya juya, aka yi farin 1972 zuwa 1974, wanda ya kashe dabbobi ba iyaka, sa'an nan na 1983 da 1984. Tsakaninsu kuma, a 1975, cutar kuturtar gyaɗa ta auka wa gonaki, noman gyaɗar da ya gina dalar Kano bai sāke komawa yadda yake ba. Daga shekarun 1990 ruwa ya fara farfaɗowa, amma da sabuwar ɗabi'a: yakan zo da ƙarfi a 'yan kwanaki, ya bar tsaiko a tsakani. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya dogara ga hotunan tauraron ɗan Adam, ya nuna cewa manyan hadura mafiya ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982, masu binciken kuma sun danganta haka da ƙaruwar zafin Sahara. Ambaliyar Jibiya ta Yulin 2018, wadda ta ci rayuka fiye da 40 a dare ɗaya, misali ce ta irin wannan ruwa. A ƙasa mai yashi kamar ta Kankiya da Kusada, ruwan da ya zubo da yawa a sa'a guda ba ya samun sukunin nutsewa, sai ya kwashe taki da ƙasar sama ya bar zaizaya. Ma'auni zai nuna an yi ruwa, amma saiwar gero ba ta sha rabinsa ba.

Kammalawa

An ga yadda iskoki biyu suke raba shekarar Tafashiya, da yadda kowane lokaci yake da aikinsa da cutarsa da amfaninsa, da kuma yadda lissafin taurari da haɗa iri a gona guda suka zama garkuwa ga damina gajeriya marar alkawari. A yau an sami ƙarin makamai. Hukumar NiMet takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da kiyasin lokacin saukar ruwa da ɗaukewarsa, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya kuma ta fitar da irin dawa da wake da gyaɗa da masara masu saurin nuna. Amma hasashe na yanki ne mai faɗi, hadari kuwa, kamar yadda aka nuna, yakan zaɓi ƙauye ya bar ƙauye. Saboda haka sabon ilmi ba zai wadatar ba sai an gama shi da sanin mutanen wurin.

A nan ne ɗaliban Hausa suke da aiki. Sunayen iskoki da na ire-iren ruwa, da alamun da ake karantawa a jikin itatuwa da tsuntsaye, da sunayen da kowane gari ya sa wa shekarun wuya, duk suna bakin dattawan da suka ga farin 1973 da idonsu, kuma kullum raguwa suke yi. Ya kamata duk ɗalibin da ya tafi hutu Tafashiya ko Kusada ko wani ƙauye makamancinsu ya zauna da su da takarda da alƙalami, ya rubuta abin da suka sani tare da sunan garin da shekarar da abin ya faru, domin masu nazarin harshe da masu nazarin yanayi su sami abin dogara.